Allurar Farko Ba Ta Gama Aiki Ba: Jawabi Kan Lokutan Rigakafin 'Ya'yanmu

Wannan shi ne jawabin da wata 'yar uwarmu, ma'aikaciyar jinya, ta gabatar a taron wata-wata na ƙungiya. Mun buga shi dungurungum bisa roƙon iyaye mata da ba su samu halarta ba.



Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Malamanmu da limamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugabannin ƙungiya, shugabannin 'yan kasuwa da na direbobi, iyayena maza da mata, yayyena da ƙannena, ina yi muku barka da zuwa, ina kuma godiya da kuka ba ni wannan dama.

An ce in yi magana a kan allurar rigakafi. Ba zan tsaya ina lallashin kowa ya yarda da ita ba, domin a unguwar nan mafi yawanmu mun riga mun yarda. Ciwon da ke damunmu daban ne: muna farawa, ba ma ƙarasawa. Uwa za ta kai jariri a yi masa ta farko, ya yi kuka, ya yi ɗan zazzaɓi, sai ta ce ai an yi masa allura, shi ke nan. In ka tambayi maigida ya ce maka yaronsa ya yi rigakafi. In ka karɓi katin ka duba, layi ɗaya ne kawai aka cike, sauran duk fari fat.

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu. Matar ƙanena ta tafi gida goyon ciki, kamar yadda muka saba. Can ta haihu, ta yi wankan jego, aka yi wa yaro allurar haihuwa da ta sati 6. Da ta tashi dawowa nan Kudu, katin ya zauna a ɗakin mahaifiyarta. Ta je wani ƙaramin asibiti a nan, ba ta jin Yarbanci, Turancinta kuma bai taka kara ya karya ba. Wadda ke kan tebur ta ce mata ta koma inda ta fara. Ta ji kunya, ta dawo gida ta yi shiru, ni kaina ba ta gaya mini ba. Yaro yana wata 5 tarin shiƙa ya kama shi. Na ga yaron nan yana tari har leɓensa ya canza launi, numfashi na neman ɗaukewa. Kwana 11 suka yi a gadon asibiti, ƙanena ya rufe rumfarsa, jarinsa ya tafi a magani. Allah ya tashi kafaɗar yaron, amma duk wannan wahala allura biyu ce kawai aka tsallake, waɗanda kyauta ake yin su.

Yadda allurar ke aiki a jiki

Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya ga yadda ake rini. Marini ba ya tsoma zane sau ɗaya ya ce ya gama. Yakan tsoma, ya ɗaga ya bar shi ya sha iska, ya sake tsomawa, har shuni ya kama. In ya tsoma sau ɗaya, launin zai fito amma ba zai jure wanki ba. In kuma ya yi ta tsomawa ba tare da ya bar iska ta buge shi ba, wahalar banza ya yi.

Haka rigakafi yake. Allurar farko tana nuna wa jiki kamannin ƙwayar cutar, wadda aka kashe ko aka raunana ko aka ɗebo wani ɓangare nata. Jiki yakan ɗauki kamar sati 2 kafin ya haɗa garkuwa, kuma ta farkon nan sau da yawa ba ta da yawa, ba ta daɗewa. Idan aka jira aƙalla sati 4 aka sake yi, jiki ya riga ya san abokin gaba, sai ya fitar da garkuwa mai yawa da ƙarfi, wadda za ta daɗe. Wannan ne dalilin da ya sa ake barin sati 4 tsakanin allurar sati 6 da ta sati 10 da ta sati 14. Ba a yarda a matso da su kusa da haka ba. Saboda haka 'yar uwa, kada ki roƙi nas ta yi wa yaro ta biyu bayan kwana 10 don za ki yi tafiya. Ki tafi da katinki, a yi masa a can idan lokaci ya yi.

Nawa allurar farko ke karewa?

Amsar ta danganta da irin cutar. Zan kawo muku misali huɗu.

Na ɗaya, zazzaɓin shawara. Wannan allura ɗaya ta wadatar. Cikin kwana 30 da yin ta, kimanin mutum 99 cikin 100 sun samu kariya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana tun 2013 cewa ta isa har ƙarshen rayuwa. Daga 2016 katin nan mai ruwan ɗorawa na matafiya ya daina ƙarewa bayan shekara 10. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Kwatano da Accra su riƙe wannan.

Na biyu, ƙyanda. Idan aka yi wa yara 100 allurar ƙyanda suna wata 9, kimanin 85 ne za ta kama, 15 za su tashi kamar ba a yi musu ba, kuma ba mai iya gane su da ido. Dalili shi ne jariri yana fitowa da garkuwar mahaifiyarsa, wadda a wasu yaran takan kashe allurar kafin ta yi aiki. To me ya sa ba a jira ya shekara ba? Domin a ƙasarmu ƙyanda na yawo, kuma ƙanana ta fi kashewa, jira na da haɗari. Shi ya sa aka ƙara ta biyu a wata 15, wadda aka fara a jihohin Kudu a 2019. Ita ce ke kwaso waɗanda ta farko ta bari, kuma da su biyun kariya takan kai wajen 97 cikin 100. Ku yi lissafi da kanku: in akwai yara 200 a unguwar nan da suka tsaya a ta farko, 30 daga cikinsu a buɗe suke. Ƙyanda kuwa in ta shiga ɗaki, cikin mutum 10 da ba su da kariya tana iya kama 9. Ku tuna yadda muke zaune, iyali guda a ɗaki guda, gida mai ɗaki 20 da tsakar gida ɗaya.

Na uku, allurar da aka rubuta Penta a kati, wadda ake yi a cinya. Cuta 5 take karewa: mashaƙo, tarin shiƙa, tetanus mai sandarar da jiki, ciwon hanta nau'in B, da wata ƙwaya mai haddasa sanƙarau da limoniya ga ƙananan yara. Ita sai an yi 3. Ta farko share fage ce, ba za a dogara da ita ba. Mun ga sakamako da idonmu. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke a ƙasar nan, Kano ta fi kowa jin jiki, kuma ya zuwa 2025 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga fiye da mutum 1,000 da suka rasu, akasarinsu yara. Mafi yawan waɗanda suka kamu ba su kammala allurarsu ba. Motocinmu kuwa kullum suna kan hanya tsakanin nan da Kano.

Na huɗu, allurar tetanus ta masu juna biyu. Iyayena mata, ku saurara da kyau. Ta farko kusan ba ta ba da kariya ko kaɗan. Sai an yi ta biyu bayan sati 4 sannan uwa da jaririn da ke cikinta suke samun kariya, kuma ana so a yi ta aƙalla sati 2 kafin haihuwa. Ta uku bayan wata 6, ta huɗu bayan shekara, ta biyar bayan wata shekarar. Wadda ta cika 5 ta samu kariya tsawon shekarunta na haihuwa. Macen da ta je awo sau ɗaya aka yi mata allura ɗaya, sannan ta haihu a gida aka yanke cibi da tsohuwar reza, jaririnta na cikin haɗari kamar ba a yi komai ba.

Darasin korona

Wasunku za su tuna lokacin korona. A ƙarshen Disamba 2020 hukumomin Ingila suka yanke shawarar jinkirta allura ta biyu har zuwa sati 12, domin allurar ba ta da yawa, suna so mutane da yawa su samu ta farko. An yi ta cece-ku-ce. Binciken da aka buga a 2021 kan allurar AstraZeneca, wadda ita ce ta fara isowa Nijeriya a ranar 2 ga Maris 2021, ya nuna ta farko kaɗai ta ba da kariya kimanin 76 cikin 100 daga sati na 3 zuwa wata 3. Ya kuma nuna waɗanda suka jira sati 12 ko fiye sun fi samun kariya bayan ta biyu, wajen 81 cikin 100, a kan waɗanda aka yi wa kafin sati 6, da suka samu wajen 55. Amma da nau'in Delta ya bayyana a wannan shekarar, binciken hukumar lafiyar Ingila ya gano allura ɗaya ba ta wuce kimanin 30 cikin 100 ba wajen hana kamuwa da ciwon, alhali biyu sun kai 67 ga AstraZeneca, 88 ga Pfizer.

Abu biyu muka koya. Jinkiri ba ya lalata allurar da aka riga aka yi, jiki bai manta ba. Amma duk tsawon lokacin da ake jira, mutum rabin sulke yake sanye da shi. Babba mai ƙarfi zai iya jurewa. Jariri ɗan wata 3 da tarin shiƙa ke yawo a gidansu ba shi da wannan sararin.

Lokutan da za a kai yaro

Ziyara 6 ce babba, ku riƙe su.

Ta 1, ranar haihuwa: BCG ta tarin fuka, ɗigon shan inna, da allurar ciwon hanta. Ita ta hanta an fi so a yi ta cikin awa 24, domin ita ke hana cutar wucewa daga uwa zuwa ɗa. Kada a jira sai an yi suna. Ko a gida aka haihu, kaka ko gwaggo ta ɗauki jariri ta kai shi.

Ta 2, sati 6. Kwana 42 ke nan, wato kwana 2 bayan arba'in. Mai jego, ranar da kika gama wanka, jibi asibiti. Za a yi Penta, ta limoniya, ɗigon shan inna da allurarsa, da ɗigon gudawa da aka shigo da shi a 2022.

Ta 3, sati 10. Ta 4, sati 14. A nan ake cika Penta.

Ta 5, wata 9: ƙyanda, shawara da sanƙarau.

Ta 6, wata 15: ƙyanda ta biyu. Wannan ita aka fi mantawa, domin yaro ya fara tafiya, wani lokacin uwa ta samu wani cikin.

Akwai kuma bitamin A da ake ɗiga wa yaro daga wata 6. Allurar zazzaɓin cizon sauro an fara ta a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disamba 2024, ita 4 ce: wata 5, 6, 7 da 15. Ku tambaya a asibitinku ko ta iso. Ga 'yan matanmu kuma, tun Oktoba 2023 aka fara allurar kariya daga sankarar bakin mahaifa ga 'yan shekara 9 zuwa 14, ita sau ɗaya ake yi.

Ɗigon shan inna da masu bi gida-gida ke yi ƙari ne, bai ɗauke zuwa asibiti ba. Mutane da yawa suna ce mini ai an zo gida an ɗiga masa. Wannan ɗigon shan inna kawai yake karewa, ba ruwansa da ƙyanda ko mashaƙo.

In an makara fa?

Ba a sake farawa daga farko. Ku maimaita wannan ga duk wanda kuka haɗu da shi. In yaro ya yi Penta ta farko a Funtuwa ko Sakkwato, wata 4 suka wuce, ta biyu za a yi masa a nan, daga inda aka tsaya za a ɗora. In yaro ya haura shekara bai taɓa yin ko ɗaya ba, a kai shi, ma'aikata za su duba waɗanda suka dace da shekarunsa. Mura ko ɗan tari ko gudawa mara tsanani ba sa hana allura. Ɗan zazzaɓi da kumburin cinya na kwana ɗaya ko biyu abu ne da aka saba gani: a ci gaba da ba shi nono, a ba shi farasitamol gwargwadon yadda nas ta faɗa. Ƙurjin da BCG ke fitarwa a damtse kada a matse shi, kada a shafa masa komai. Amma in yaro ya yi jijjiga, ko ya ƙi kama nono, ko numfashinsa ya canza, a garzaya asibiti nan take.

Haƙƙinmu ne

Yanzu na zo kan abin da ya shafi ƙungiyar nan kai tsaye. Allurar rigakafin yara kyauta ce a asibitocin gwamnati a duk faɗin Nijeriya. Hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa, NPHCDA, ita ke raba ta ga jihohi, domin kowane yaro da ke zaune a wurin. Ba a neman takardar shaidar ɗan asalin jiha kafin a yi wa jariri allura. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya so a ƙasar nan, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko garin asalinsa ko addininsa. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, a sashe na 13, ta ba yaro haƙƙin kula da lafiyarsa, ta kuma ɗora wa iyaye da masu riƙo nauyin cika wa yaron da bai kai shekara 2 ba rigakafinsa. Kun ga ke nan haƙƙin yaro ne a kan gwamnati, haƙƙinsa ne kuma a kanmu.

Sai dai mu yi adalci. Ba duk wanda ya ce miki ki dawo ranar Alhamis ne yake ƙinki ba. Kwalbar BCG da ta ƙyanda ta yara da yawa ce, in aka buɗe ta aka haɗa, bayan awa 6 zubar da saura ake yi. Shi ya sa asibitoci da yawa suke ware musu rana. Ki tambayi ranar da lokacin, ki sa a rubuta miki a kati. Yawancin ma'aikatan nan abokan aikina ne, mutanen kirki ne, aiki ne ya yi musu yawa. Amma in aka ce ki koma jiharku, ko aka nemi kuɗin allura, ki nemi ganin shugabar asibitin cikin ladabi. In abin ya faskara, a kawo wa ƙungiya rana da wuri da abin da aka faɗa, mu kai wa jami'in rigakafi na ƙaramar hukuma a rubuce.

Na san akwai masu tsoro a zuci, kuma tsoron yana da tushe. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ya bar tabo, har aka kai ga shari'a da sulhu a 2009. Wancan sabon magani ne ake gwadawa, ba allurar rigakafi ba. Mun kuma ga abin da ya biyo bayan dakatar da ɗigon shan inna a Kano a 2003: cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Da sarakunanmu da malamanmu suka shigo cikin aikin, a 2016 aka ga na ƙarshe da asalin ƙwayar shan inna ta kama a Borno, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Har yanzu ana ɗigon saboda akwai wani nau'in da ke ɓulla a wuraren da yara ba su cika rigakafi ba.

Abin da nake roƙo

Iyayena maza, da ku zan fara. Uwa ba ta fita sai da izininku da kuɗin motarku. Yau in kun koma gida ku ce a kawo muku katin kowane yaro, ku duba layin da ba a cike ba. Ku ɗauki hoton katin a waya, gaba da baya, domin in ya ɓata ko ruwa ya ci shi.

Iyayena mata, kati ya zauna cikin leda a jakar da ba kya tafiya sai da ita. In za ki gida haihuwa ko Sallah ko biki, shi ne farkon abin da za ki saka. Ba a fafe gora ranar tafiya: kafin ki tashi ki tambayi nas ranar allura ta gaba.

Ga shugabannin ƙungiya kuma, ina ba da shawara uku. A samu mata 2 ko 3 masu jin Yarbanci da Turanci su riƙa raka 'yan uwanmu asibiti a ranakun rigakafi. A buɗe littafi a ofishin ƙungiya, duk jaririn da aka yi sunansa a unguwar nan a rubuta ranar haihuwarsa da ranakunsa 6, a riƙa tunatar da iyaye. Sannan a rubuta wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma a roƙi su riƙa turo ma'aikata unguwar nan sau ɗaya a wata, mu kuma mu ba su wuri da kujeru, mu tara musu yara. Malamanmu in suka yi sanarwa bayan sallar Juma'a, na tabbata wurin zai cika.

Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ta 2023 ta nuna yara fiye da miliyan 2 a Nijeriya ba su samu ko Penta ta farko ba, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya. Bayan su akwai ɗimbin waɗanda suka fara suka tsaya a hanya, irin ɗan ƙanena. Yanzu yana nan yana gudu a tsakar gida, katinsa a cike, ni da kaina na kai shi ta wata 15.

Ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar zan zauna a ofishin ƙungiya. Duk mai kati ya kawo in duba masa in gaya masa abin da ya rage, wanda nasa ya ɓata shi ma ya zo.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.